Ina mai tace fim zai nemi ilimi da labaran sana'arsa a intanet?

Wani matashi daga Gusau ya aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum, Yaya. Shekarata biyu ina tace bidiyon biki da gajerun finafinai a kwamfutar da na saya ta hannu. Burina in kai ga aikin fim mai dogon zango ko na gidan talabijin. Waɗanne shafuka ne zan riƙa bi don ƙarin ilimi da sanin abin da ake ciki a sana'ar? Datata kaɗan ce, Turancina kuma na makaranta ne."

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ji daɗin wannan tambaya, domin ba kasafai ake samun yaro ya nemi inda zai karanta ba. Yawanci abin da ake tambaya shi ne a ina za a samu sabuwar manhaja kyauta. Zan gaya maka wuraren da na sani kuma na amfana da su, amma ka lura da yadda zan rarraba su, don rabon ya fi sunayen muhimmanci. Edita yana neman abu uku a intanet: sanin makamar kayan aiki, sanin dalilin da ya sa ake yanka a nan ba a can ba, sai kuma labarai. Yawancin yaranmu sun zuba datarsu kaf a na farko da na uku, sun bar na tsakiya, alhali shi ne sana'ar.

Bari in fara da kayan aiki, mu gama da shi da wuri. Manhajar da kake kai, ka zauna a kai har ka iya ta kamar tafin hannunka. Idan kuma za ka sauya, ko kana aiki da wadda aka fasa aka sace, to shawarata DaVinci Resolve na kamfanin Blackmagic Design. Akwai na kyauta, kuma kyautar ta gaskiya ce: babu tambarin kamfani a kan hotonka, babu wa'adin kwana talatin, yana fitar da aiki har zuwa girman Ultra HD, wato hoto mai tsabta sosai da ake kira 4K. Na kuɗin, wanda ake kira Studio, dala 295 ne, biya ɗaya. Adobe kuwa, masu manhajar tace hoto ta Premiere, tun 2013 suka koma tsarin biyan wata-wata, kuma ka san yadda dala take da aljihunmu. Abin da ya sa nake tura mutane wajen Blackmagic shi ne sashen horarwa na shafinsu. Sun zuba littattafan koyarwa cikakku, kowa ya sauke ba ko sisi, tare da hotunan da za ka yi gwaji da su, har da jarrabawa a ƙarshe. Akwai na mai farawa, akwai na tace hoto, na gyaran kala, na haɗa sauti. Littafin ba ya cin data da yawa, hotunan gwajin ne masu nauyi, su sai ka jira datar dare ko ku haɗa kuɗi ku uku ku sauke sau ɗaya ku raba. Wanda ya bi littafi guda daga bango zuwa bango ya fi wanda ya kalli bidiyo ɗari a warwatse, domin littafin yana da tsari, yana kai ka inda ba ka ma san akwai abin tambaya ba.

A YouTube, tashar Casey Faris tana da sauƙin bi ga mai koyon Resolve, yana magana a hankali kuma yana nuna komai a kan allo. Ga gyaran kala akwai Darren Mostyn da Cullen Kelly. Wanda yake aiki da manhajar Premiere ko ta Final Cut zai samu rubuce-rubucen Larry Jordan da yawa a shafinsa. Biyu ko uku sun ishe ka. Idan manhaja ta yi maka gardama, ka kwafi ainihin saƙon kuskuren da ta nuna, harafi da harafi, ka nema da shi. Kusan kullum za ka faɗa dandalin tattaunawa na Blackmagic ko na Adobe, ko Creative COW, ko sashen editoci na Reddit, inda wani ya riga ya sha wannan wahalar shekaru uku da suka wuce.

Maganar manhajar sata, ba wa'azi zan yi maka ba, abin da na gani zan faɗa. Wata shekara muna tsakiyar wani fim mai dogon zango, kashi shida an gama, saura bakwai. Wani yaro da ke taya mu aiki ya sauko da wata ƙaramar manhajar ado daga irin shafukan nan, ya ɗora a kwamfutar da faifan ajiyar aikin yake haɗe. Da safe muka kunna, duk fayilolin sun sauya suna, babu wanda yake buɗewa, ga wani rubutu a kan allo ana neman kuɗin fansa. Abin da ya cece mu shi ne katunan kyamara na mako biyun ƙarshe ba a goge su ba, sauran kuma akwai kwafi a gidan furodusa. Amma tacewar kashi uku sai da muka sake daga farko, dare da rana, yaron nan yana zaune a gefe ko abinci ya kasa ci. Tun daga ranar ban ƙara yarda aiki ya kwana a wuri ɗaya ba. Masu sana'ar a ko'ina suna bin ƙa'idar kwafi uku: a ajiye a na'urori iri biyu, ɗaya kuma ya kwana a wani gini daban. Wannan za ka gan shi a kowane shafin ƙwararru, kuma a ƙasar da wuta take ɗaukewa ba sallama, mu muka fi kowa buƙatarsa.

Yanzu ga inda nake so ka fi daɗewa.

Akwai wani edita Ba'amurke, Steve Hullfish, da ya shafe shekaru yana hira da masu tace manyan finafinai da shirye-shiryen talabijin, a ƙarƙashin sunan Art of the Cut. Hirarrakin sun kai ɗaruruwa. Da farko a shafin ProVideo Coalition suke fitowa, daga baya suka koma Frame.io, sannan Boris FX, kuma tsofaffin suna nan ba a cire ba. Abin da ya sa suka dace da kai shi ne a rubuce suke. Hira guda ba ta kai nauyin hoto biyu na WhatsApp ba, kuma za ka iya karantawa a hankali, ka tsaya, ka duba kalma, ka dawo. A cikinsu ba za ka ji ana maganar wane maɓalli ake dannawa ba. Za ka ji mutum yana bayanin yadda ya kalli duk abin da aka ɗauka kafin ya taɓa komai, yadda ya cire fitowar da darakta ya fi so saboda tana kashe wadda ke biye da ita, yadda ya riƙe fuskar mai sauraro maimakon ta mai magana. Haka nan mujallar CineMontage ta ƙungiyar editocin Amurka tana nan a intanet kyauta, da shafin American Cinema Editors, ƙungiyar da aka kafa a 1950, masu ba da lambar yabo ta Eddie kowace shekara. Idan kana da halin sauraro, shirin The Rough Cut na Matt Feury hira ce irin wannan, ta murya. A YouTube kuma, This Guy Edits yana nuna aiki yana gudana, kana ganin yana gwadawa yana fasawa, sannan tashar Every Frame a Painting, wadda ta yi tashe tsakanin 2014 da 2016, gajerun darussa ne da har yau ban ga kamarsu ba.

Sunan da za ka yi ta cin karo da shi a duk waɗannan wurare shi ne Walter Murch, dattijon da ya karɓi Oscar, babbar lambar yabon fim ta Amurka, har biyu a 1997 a kan fim guda, ɗaya na tace hoto, ɗaya na haɗa sauti. Ya jera abubuwa shida da ake aunawa kafin a yanka, ya ba kowanne kaso: motsin zuciya 51 cikin ɗari, labari 23, kari ko bugun tafiyar fim 10, inda idon mai kallo yake 7, daidaiton fuskar allo 5, daidaiton wuri 4. Ka dubi lissafin nan da kyau. Abin da mu muka fi tada jijiyar wuya a kai, wato hannun jaruma yana kan ƙofa a wannan hoto amma a na gaba yana gefe, yana cikin na ƙasa-ƙasa. Murch yana cewa idan dole sai ka sadaukar da wani abu, ka fara daga ƙasan jerin. Ranar da na fahimci wannan, aikina ya sauya. Na daina jefar da ɗauka mai rai saboda mayafi ya ɗan zame.

To amma a nan ne kuma nake so ka buɗe ido, domin waɗannan malamai ba don mu suka yi darasinsu ba. Za ka ji suna maimaita wata ƙa'ida, cewa ka shiga fitowa a makare ka fita da wuri, ka yanke gaisuwa da buɗe ƙofa da zama, ka faɗa kan maganar kai tsaye. A wurinsu daidai ne. Kuma gaskiya finafinanmu suna fama da jan rai, a yi ta nuna mota tana shiga gida, mai gadi yana rufe ƙofa, Alhaji yana fitowa yana gyara babbar riga, minti biyu sun tafi ba a ce komai ba. Wannan ka yanke shi ba tausayi. Sai dai gaisuwa a wurin Bahaushe wani lokaci ita ce fitowar gaba ɗaya. Na taɓa tace wata fitowa inda amarya ta shiga gaida uwar mijinta washegarin wata rigima. A rubuce, maganar da ke cikinta layi huɗu ce. Na fara yanke ta irin yadda na koya, na faɗa kan maganar, sai ta mutu murus. Da na dawo na kalli abin da aka ɗauka tun daga farko, sai na ga inda ran yake: yarinyar ta durƙusa ta ce ina kwana, uwar mijin tana tsince shinkafa a faranti, ba ta ɗago ba. Daƙiƙa ɗaya, biyu, uku, huɗu. Sannan ta ce "lafiya", a taƙaice, ba ta ƙara da "ya kwanan baƙunta" ko komai ba. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya gama jin labarin a wannan shirun. Na bar daƙiƙa huɗun nan cif, na rage maganar da ta biyo baya zuwa layi biyu. Babu wani shafi a duniya da zai koya maka wannan, sai dai tsakar gidanku.

Haka maganar ido. Malaman can suna karanta sunkuyar da kai a matsayin alamar rashin gaskiya ko karaya, don haka suna yanka zuwa gare shi idan suna son nuna mutum yana ɓoye wani abu. A wurinmu yaro ya sunkuyar da kai gaban mahaifinsa ladabi ne, wanda ya ɗago ya zuba masa ido shi ne ya yi magana mai nauyi. Saboda haka hoton da za ka ajiye don ƙarshen fitowa ya bambanta da nasu. Akwai kuma dabarar da suke koyarwa ta sa sautin fitowa ta gaba ya riga hotonta shigowa, ko sautin wadda ta wuce ya ɗan bi ta gaba. Suna ba ta sunayen haruffan J da L saboda siffar da take yi a kan layin aiki. Mu ai da ita muka tashi: sallama daga zaure tana riga mai sallama shigowa, kiran salla yana shiga ɗaki kafin kowa ya motsa, ƙarar turmi daga maƙwabta tana gaya maka gari ya waye. Ka karanta nasu don ka san sunan abin da yadda ake sarrafa shi, sannan ka cika shi da namu.

Akwai wani nau'in shafuka da yara ba sa kulawa da su saboda ba su da armashi, amma su ne suke raba wanda gidan talabijin zai sake kira da wanda ba za a sake nema ba. Ina nufin shafukan ƙa'idojin miƙa aiki. Netflix suna da wani shafi a buɗe, Partner Help Center, inda suka rubuta dalla-dalla yadda suke son hoto da sauti da fassarar ƙasan allo. Ko ba ka taɓa mafarkin yi musu aiki ba, karanta shi makaranta ce. Ƙungiyar gidajen watsa labarai ta Turai, EBU, ta fitar da ma'aunin ƙarfin sauti mai suna R128 a 2010, wanda ya tsayar da shiri a kan -23 LUFS (LUFS shi ne ma'aunin da ake auna ƙarfin sauti da shi), kuma takardar tana shafinsu kyauta. YouTube kuwa yana rage duk abin da ya yi ƙara ya dawo da shi wajen -14. Amfanin sanin wannan a aikace: ka san yadda ake kallon fim ɗinmu, magana can ƙasa sai an ƙara murya, waƙa na shigowa sai kowa ya zabura ya nemi rimot. Ma'aunin yana cikin Resolve a sashen sauti, akwai kuma Youlean Loudness Meter da ake samu kyauta. Kafin ka miƙa wa kowace tasha aiki, Arewa24 ce ko Africa Magic Hausa ko gidan talabijin na jiha, ka nemi takardar ƙa'idarsu a rubuce tun kafin ka fara, kada ka yi zato.

A nan ma sai ka tace abin da kake ji daga Amurka. Wutar lantarkinsu tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, talabijin ɗinsu yana tafiya a kan firem, wato hotunan da ke wucewa a daƙiƙa guda, kusan 30, finafinansu kusan 24. Mu a Najeriya da Nijar wutarmu 50 ce, talabijin ɗinmu firem 25. Yaro zai kalli bidiyon wani Ba'amurke ya ce masa ya saita komai a 24 ko 30 don ya yi kama da silima, sai a je lokeshin a ɗauka a ƙarƙashin fitilar ɗaki, a kawo maka hoto yana ƙyafta ido, wasu layuka suna hawa suna sauka a bango. Idan aikin na talabijin ne, 25 za a ɗauka, a 25 za ka tace, kuma wannan magana ce da za ka yi da mai kyamara kafin a fita, ba bayan an dawo ba. Janareta ma yana da nasa halin, bugunsa ba ya tsayawa daidai, don haka a riƙa duba allo a wurin. Don irin wannan, shafukan Ingila da na Turai sun fi kusa da yanayinmu. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ke jin Faransanci suna da ƙarin ƙofa, domin editocin Faransa suna da ƙungiyarsu, Les Monteurs Associés, kuma suna wallafa tattaunawarsu.

Hoton waya kuma, wanda yanzu ba yadda za ka yi ka guje masa, yana zuwa da saurin firem mai hawa da sauka. Shi ya sa za ka daidaita baki da murya a farko, bayan minti biyar ka ga sun rabu. Maganinsa ka fara juya shi zuwa tsayayyen firem da Shutter Encoder ko HandBrake, duka kyauta ne. Shutter Encoder ɗin zai kuma yi maka ƙananan kwafi marasa nauyi da za ka yi tacewa da su a kwamfutarka ta hannu, in ka gama ka mayar da na asali. Da wannan dabara tsohuwar kwamfuta tana iya ɗaukar aikin da ya fi ƙarfinta. In Allah ya hore za ka sayi sabuwa, kamfanin Puget Systems yana wallafa gwaje-gwajen da ke nuna wace na'ura ce ta fi dacewa da wace manhaja. Ka karanta kafin ka shiga kasuwa, kada mai shago ya zaɓa maka.

Wani abu da ya shafe mu musamman: haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Na taɓa zama a wurin nuna wani shiri, sunan shirin ya fito a kan babban allo, inda ya kamata a ga ƙ sai ga ɗan akwati fanko. Mutane suka yi ta kallon juna. Ba kowane salon rubutu ne yake ɗauke da haruffan nan ba. Noto Sans na Google yana da su, haka Charis da Andika na cibiyar SIL, duka ana saukewa kyauta. Fayil ɗin fassarar ƙasan allo kuma ka ajiye shi a tsarin adana haruffa na UTF-8, in ba haka ba haruffan za su tarwatse a wata na'urar. Manhajar Subtitle Edit ta isa wannan aiki. Ƙa'idar Netflix ta fassarar Turanci ita ce layi biyu, kowanne kada ya wuce harafi 42, kuma ma'auni ne mai kyau ko a ina. Fassarar finafinanmu zuwa Turanci ta daɗe tana jawo mana dariya a idon duniya, kuma sau da yawa edita ne aka bar wa ita da tsakar dare. Idan Turancinka bai kai ba, ka faɗa, a nemo wanda ya iya. Manhajojin da ke mayar da magana rubutu da kansu, irin Whisper, sun sa Hausa a jerin harsunansu, amma abin da suke fitarwa sai ka bi shi layi-layi, musamman in ana karin magana ko mutum biyu suna magana tare.

Sauti da kiɗa ma akwai inda ake samu da halal. Freesound, wanda wata jami'a a Basalona ta kafa a 2005, yana da sautuka ba iyaka, amma kowanne da irin izininsa: wani ka yi yadda ka so, wani sai ka ambaci mai shi, wani ba a yarda a yi kasuwanci da shi ba. BBC sun buɗe taskar sautukansu fiye da 30,000, sai dai kyautar ta karatu ce da amfanin kai, aikin kuɗi sai an biya. YouTube yana da tasa taskar kiɗa ga masu tasha. Ka karanta izini kafin ka ɗora, domin yanzu da kasuwar fim ta bar Ƙofar Wambai a Kano ta koma YouTube, kiɗan Indiya na daƙiƙa ashirin yana iya sa kuɗin kashi guda ya tafi aljihun wani, kuma kai furodusa zai tuhuma. Duk da haka, a waɗannan taskoki ba za ka samu kukan kurciya da hantsi a ƙauyen Zamfara ba, ko hayaniyar 'yan adaidaita, ko amon masallatai uku suna kiran magariba a tare. Ka riƙa ɗaukar naka da waya ko ƙaramin rikoda, kana sa musu suna kana ajiyewa. Bayan shekara biyu za ka mallaki abin da babu a intanet.

Sai labarai, waɗanda na bari a baya da gangan. Sabbin kayan aiki yawanci sau biyu ake sanar da su a shekara: a bajekolin NAB na Las Vegas a watan Afrilu, da na IBC a Amsterdam a watan Satumba. Idan ka leƙa ProVideo Coalition ko Newsshooter ko CineD a waɗannan makonni, ka kuma riƙa duba No Film School jefi-jefi, ka san duk abin da ya kamata ka sani. Bin su kullum yana sa mutum ya raina abin da ke hannunsa, ya yi ta jin cewa da ya samu sabuwar na'ura da aikinsa ya yi kyau. Abu ɗaya da labarai suke da amfani a kai sosai shi ne sanin lokacin da ba za ka sabunta manhaja ba. Kada ka taɓa sabuntawa kana tsakiyar aiki. Sabon zubi yakan zo da matsalolinsa, kuma aikin da ka buɗe a sabo sau da yawa ba ya komawa tsoho. Ka bari wasu su fara shiga ruwan, ka karanta kokensu a dandali, bayan wata ɗaya ko biyu ka bi.

Labaran gida kuwa, mujallar Fim, wadda Malam Ibrahim Sheme ya fara fitarwa a 1999, tana nan a intanet, ga sassan nishaɗi na BBC Hausa da Aminiya da sauransu. Za ka san wane aiki ake yi, wace doka ta fito, wa ya rasu, wa ya yi aure. Ka lura da wani abu: in ka rubuta "tace fim" a wurin nema, labaran Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano za su fito maka, wadda aka kafa a 2001, domin kalma ɗaya muke amfani da ita ga aikinsu da namu. Su ma ka riƙa bin sanarwarsu, tunda abin da suka ce a cire, a teburinka zai dawo. Don neman horo, ka sa ido a kan Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos, da MultiChoice Talent Factory, wadda a 2018 ta fara ɗaukar matasa horo a Legas ba tare da sun biya ba. Ana sanar da buɗe neman shiga a shafukansu, kuma abin yana ba ni takaici yadda 'yan Arewa ba su cika nema ba.

Abin da ba za ka samu ba, kuma yana ci mini rai, shi ne hira da editocinmu a kan aikinsu. Mutanen da suka fara da na'urar kaset biyu, suna dannawa da hannu, suka ga zuwan CD, suka ga tafiyarsa, suka tace ɗaruruwan finafinai a ɗakunan titin gidan Zoo da ke Kano, ba a zauna an tambaye su yadda suke yanke waƙa a kan kiɗa ko yadda suke ceto fitowar da aka ɗauka ba daidai ba. Ana hira da jarumai kullum, edita kuwa sai dai sunansa ya wuce a ƙarshen fim lokacin da kowa ya tashi. Kai da kake da waya da sha'awa, in ka shigo Kano ko Kaduna ko Jos, ka nemi ɗaya daga cikinsu, ka gaishe shi, ka roƙi ya bar ka ka zauna a bayansa yini guda.

Game da Turanci, kada ya tsorata ka. Kalmomin sana'ar ba su da yawa, kuma su ne dai suke ta maimaituwa. Ka samu ɗan littafi kana rubuta duk wadda ka ci karo da ita da ma'anarta da Hausarka. A YouTube ka rage saurin magana zuwa 0.75, ka kunna rubutun ƙasa. Google Translate yana da Hausa tun 2013, zai ba ka gundarin shafi, amma yana kwaɓa kalmomin sana'a, don haka ka riƙa haɗawa da na asalin.

Ga yadda zan so ka fara a wannan makon. Ka sauke littafin mai farawa na Blackmagic, ka ɗauki hira guda daga Art of the Cut ka karanta ta har ƙarshe ko da za ta ɗauke ka kwana uku. Sannan ka zaɓi fitowa ɗaya daga fim ɗin Hausa da kake ganin an yi shi da kyau, ka kashe sautin, ka kalle ta sau uku kana ƙirga yanka, kana tambayar kanka me ya sa aka bar wannan fuska a nan, me ya sa aka tafi a can. Bayan haka ka buɗe wani tsohon bidiyon biki da ka tace bara, ka sake tace wurin kamu ko buɗar kai a minti biyu kacal, ba ado ko ɗaya, yanka zalla. In ka gama ka turo mini ta WhatsApp a matsayin fayil, kada ka tura shi a matsayin bidiyo don kada ya matse hoton, kuma ka bar lambar lokaci tana gudana a kusurwar allo yadda zan iya ce maka duba minti kaza, daƙiƙa kaza.